Igiyar Dami: Rayuwar Ɗanlami Mai Dashe na Tudun Kanya

Haihuwa da Asali

An haifi Abdurrahman ɗan Sani Baduku ranar wata Alhamis cikin watan Yuni na shekarar 1956, a ƙauyen Tudun Kanya da ke kan hanyar Gabi, a ƙasar Madarunfa. Da hantsin ranar aka yi ruwan shuka bayan an daɗe ana duban gabas, ruwa mai ƙarfi wanda ya cika kwari ya tsayar da masu zuwa kasuwa, saboda haka lokacin da mahaifiyarsa Indo ta sauka babu namiji ko ɗaya a cikin gari, kowa yana gona da sungumi. A can aka iske mahaifinsa da albishir, kuma an ce sai da ya ƙarasa sahun da ya fara kafin ya ajiye sungumin. Ranar suna aka raɗa wa jaririn Abdurrahman, amma Ɗanlami ne ya bi shi saboda ranar haihuwarsa, daga baya kuma sana'a ta ƙara masa Mai Dashe.

Mahaifinsa baƙo ne a Tudun Kanya. Ya zo daga arewa, wajen Kornaka, da kayan dukancinsa a cikin jaka, ba shi da ko taƙin ƙasa. Wanda ya saukar da shi shi ne Kanta, babba a gidan Anna, wato mutanen da ke riƙe da addinin kaka da kakanni, waɗanda iyayensu suka sare dajin wurin tun kafin a yi gari. Kanta ya ba shi aron wata gona da ke bayan gidansa, wadda za ta kai hekta uku, bisa sharuɗɗan da aka sani a ƙasar: mai aro ba ya dasa itace, ba ya gina rijiya, ba ya binne mamaci a cikin gonar, domin waɗannan abubuwa uku mai ƙasa ne kaɗai ke yin su. Sannan kowace kaka zai kai damin hatsi na farko ƙofar gidan mai gona, kuma lallai ya zama hatsin da gonar ta haifa da kanta. Wannan dami ba kuɗin haya ba ne, shaida ce a gaban jama'a cewa gonar tana da mai ita. Mai gona yakan kwance damin ya zuba a rumbu, ya mayar wa mai aro igiyar kabar da aka ɗaure shi da ita. Mayar da igiya yana nufin a sake nomawa baɗi. Idan ya riƙe ta, aro ya ƙare.

Ƙuruciya da Karatu

Ɗanlami ya tashi tare da Arziki ɗan Kanta, wanda ya girme shi da wata biyar kacal. Tare suka yi kiwon awaki, tare suka koyi iyo a bakin tafkin Madarunfa, kuma tun suna yara Arziki ke kiransa Ɗan baduku, shi kuma yana kiransa Mai ƙasa, sunayen da ba su sake su ba har tsufa. Ya fara karatun allo yana da shekara biyar, ya kai izu goma. A shekarar 1964 aka rubuta shi a lakwal, wato makarantar boko, a Madarunfa, inda ya yi aji biyar, kuma mushensa, wato malaminsu, ya yi masa shaidar iya lissafi da rashin iya zama wuri ɗaya. Ya bar karatu a 1969 sakamakon ciwon ido da ya kama mahaifinsa, wanda ya hana shi ɗinki da noma baki ɗaya.

Daga wannan shekara ɗaukar damin ya koma kansa. Yakan ɗauko shi daga gona a ka, ya ratsa ta tsakiyar gari da rana domin kowa ya gani, ya sauke a gefen dakalin Kanta, ya durƙusa ya jira igiya. Ya sha faɗi daga baya cewa bai taɓa jin nauyin dami ba sai a tsakanin saukewa da miƙo igiyar.

Aiki

Bayan farin da aka yi a 1973 da 1974, hukuma ta buɗe wurin renon itatuwa a kusa da tafki, aka ɗauke shi lebura a kan dala hamsin a yini. A nan ya sami sana'ar da ta zame masa suna. Ya koyi haɗa ƙasa da taki da rairayi a cikin leda, da jiƙa ƙwayar bagaruwa a ruwan zafi kafin a shuka ta, da yanke saiwar da ta huda leda domin kada dashe ya mutu ranar da aka ɗaga shi. Yawancin dogon yaron da ke inuwa a makarantu da kasuwannin wannan yanki ta hannunsa suka bi. Ya yi shekara goma sha huɗu a wurin, har aka rufe furojen, wato wannan shiri na hukuma, a 1988. Daga nan ya riƙa zuwa ci-rani Katsina yana aikin lambu a gidajen masu hali, yana dawowa da faɗuwar damina, har zuwa 1993 da ya zauna gida ya kafa ɗan wurin renonsa na mangwaro da gwaba.

A duk tsawon wannan lokaci abu ɗaya yake ci masa rai, kuma bai ɓoye shi ba. Ya dasa wa mutane itatuwa dubbai, amma babu ko ɗaya da zai nuna ya ce nasa ne, domin ƙasar da yake nomawa ba ta karɓar dashe daga hannunsa.

Aure da Iyali

A shekarar 1979 ya auri Saratu, ɗiyar wani masunci daga Madarunfa, wadda ta zo gidansa da sana'ar suyar kifi, kuma ita kaɗai ya aura har ƙarshen rayuwarsa. Allah ya ba su haihuwa bakwai, biyar suka rayu. Mahaifinsa ya rasu a 1986, mahaifiyarsa ta bi shi bayan shekara biyu. Da yake aro yana mutuwa tare da wanda aka ba, sai da Kanta ya sabunta shi da bakinsa ranar sadakar bakwai ta Sani Baduku, ya miƙa wa Ɗanlami igiya a gaban dattawa. Kanta ya mutu a 1991, Arziki ya gaji gida da rumbuna da gonaki, ya zama shi ke zaune a dakali yana karɓar dami daga hannun abokin wasansa. An ce babu kakar da za ta wuce bai ɗaga damin ya jijjiga shi ba yana cewa, “Ɗan baduku, bana ma tsuntsaye sun riga ni?” Shi kuma Ɗanlami yakan amsa, “Mai ƙasa, ai su ma bayinka ne, ka tambaye su.”

Zuwan Masu Takarda

Shekarar 2005 ta zo da yunwa, kuma ta iske gonar ta riga ta gaji. Ƙuduji ya cinye rabinta, abin da ake samu bai kai iyalin wata huɗu ba. A farkon 2006 wasu mutane suka zo cikin kat-kat, motar nan mai shiga daji, daga wani kamfani mai zaman kansa da ke ƙetaren iyaka, suka tara manoma a gindin kanya. Sun bayyana cewa suna gina masana'antar takarda, kuma takarda daga itace ake yin ta: ana niƙe shi da ruwa har ya zama kamar kunu, a shimfiɗa a busar. Itacen da suke so shi ne turare, wanda wasu ke kira zaiti, saboda saurin girmansa da miƙewarsa. Za su ba da iri da leda kyauta, manomi ya dasa a jere mita uku tsakani, bayan shekara bakwai su zo da kamiyo, wato manyan motocin kaya, su saya. Sun yi gargaɗin kada a bari ya wuce shekara takwas, domin tsohon turare yana tauri ya yi duhu, ba ya ba da farar takarda, kuma a ɓare ɓawonsa tun yana ɗanye.

Saboda sanin da aka yi masa, Ɗanlami aka ɗora wa renon dashen ƙauyuka shida. Manoma kuwa suka noƙe, suka ce sai sun ga mai dashen ya fara zuba nasa. A nan ne ya yi ijtihadin da ya ci masa shekara goma sha bakwai. Ya ɗauka cewa itacen da al'ada ta hana shi ne wanda ake dasawa don ya zauna, kamar kuka ko tsamiya, wanda jika zai nuna ya ce kakana ya dasa. Turaren kamfani kuwa a jere ake shuka shi, a girbe shi rana ɗaya kamar dawa, sai dai kakarsa tana da nisa. A wurinsa wannan noma ne, kuma don noma aka ba su gonar. Bai nemi iznin Arziki ba, kamar yadda bai taɓa neman izni ba ranar da ya shuka gyaɗa a maimakon hatsi. A watan Yuli na 2006 ya dasa turare dubu uku da ɗari uku a gonar aro.

Shekaru uku na farko ya ci gaba da shuka hatsi a tsakanin layukan, dami yana zuwa ƙofar Arziki, kullum yana ƙanƙancewa. Arziki yana karɓa yana mayar da igiya, amma ya daina jijjiga damin, ya daina zancen tsuntsaye. A daminar 2009 itatuwan suka rufe sama, saiwarsu ta shanye ƙasa, hatsi ya fito ya tsaya iya gwiwa bai fitar da kai ba.

Shekarun Shiru

A kakar 2009 babu zangarniya ko ɗaya a gonar. Saratu ta ba shi shawara ya sayi dami a kasuwa ya kai, ya ƙi, ya ce dami shaida ce, wanda ya kai hatsin wata gona ya yi shaidar zur, kuma shi ba zai fara ƙarya da ƙofar Kanta ba. Niyyarsa ita ce ranar da aka sare turaren ya kai na farko, kamar yadda ake kai hatsi. Wannan niyya a cikinsa ta tsaya, domin yana jin kunyar zuwa dakalin hannu rabbana. Arziki a nasa ɓangaren bai aika ya tambaya ba, saboda mai gona ba ya roƙon daminsa, in ya roƙa ya zama mai karɓar haya. Haka mutum biyu masu gudun abin kunya suka wayi gari ba sa gaisawa sai daga nesa, daga baya ma kowa ya sauya hanyar da yake bi zuwa kasuwa.

Abin da gari ya gani kuwa a fili yake: mai aro ya cika gona da itace, kuma ya daina kai dami. A wannan ƙasa babu wata hanya da ta fi wannan bayyana cewa mutum ya ce gona tasa ce. A 2011 rijiyar gidan Arziki da ke gefen gonar ta ƙafe, mata suka koma ɗaukar ruwa daga nesa, kuma kowa ya ɗora laifin a kan saiwar turare. Mahaman, babban ɗan Arziki, wanda ya musulunta yana tuƙin mota a Ɗan Issa, ya ga yadda gonakin aro suka salwanta a wasu garuruwa ta hanyar itatuwan furoje. A farkon 2013 ya kai ƙara wurin mai gari, ya nemi a karɓe gonar, in ba haka ba zai wuce da maganar hukumar ƙasa a Madarunfa. Mai gari ya yanke hukuncin wucin gadi cewa kada gatari ya taɓa itace ko ɗaya a gonar har sai an gama shari'a, sannan ya riƙa ɗage zaman yana fatan dattawan biyu za su shirya da kansu. Sau uku aka kira su, sau uku Arziki yana aikowa cewa ba shi da lafiya, domin ba ya son ya zauna gaban mutane yana tuhumar ɗan Sani Baduku.

A wannan shekarar ce ya kamata kamiyo su zo. Ba su zo ba. Labari ya iso cewa ginin masana'antar ya tsaya, lambobin wayar da mutanen suka bari kuma duk suka daina shiga. Sauran manoman da suka dasa a gonakin gadonsu suka sare nasu suka sayar wa magina a Maraɗi, wasu suna tsine wa ranar da suka ji maganar Mai Dashe. Shi kuwa ko wannan bai samu ba. Ba shi da ikon sara sai an yi sulhu, ba shi da abin kaiwa ƙofar Arziki sai ya sara. Itatuwan suka wuce shekara takwas, suka yi taurin da aka yi gargaɗi a kansa. A bazarar 2016 wuta ta tashi daga wajen masu neman zuma ta cinye kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma ko waɗanda suka ƙone haka suka tsaya baƙi ƙirin, babu damar taɓa su.

Iyalin sun rayu a waɗannan shekaru da kifin Saratu, da dashen mangwaro, da abin da babban ɗansa Aminu ke aikowa daga ci-rani. Waɗanda suka zauna da Ɗanlami a lokacin sun ce yunwa ba ta dame shi ba kamar abu ɗaya: idan ya mutu a haka, aro ya mutu da shi, 'ya'yansa ba su da inda za su sa sungumi, kuma abin da za su gada shi ne sunan ɗiyan wanda ya ci amanar mai masaukin ubansa.

Damin Turare

Hanyar sulhu ta ɓullo ne daga wajen mata. Lantana matar Arziki ba ta taɓa daina sayen kifi a wurin Saratu ba ranar kasuwar Madarunfa, ko da yake ba sa taɓa zancen gona. Wata rana cikin kakar 2018, tana zaɓen kifi, sai Lantana ta ce, “Ni dai na gaji da shara. Tsohon nan duk kaka sai ya sa an share gefen dakali an yayyafa ruwa, ya zauna yana kallon hanya kamar mai jiran amarya.”

Saratu ta ce, “Nawa kuma kowace kaka sai ya tufka sabuwar igiya ya rataye a zaure. Yanzu sun kai tara, ɓeraye na ci.”

Lantana ta ce, “To Allah ya shirya mana su. Gemu fari, wayo na ɗan akuya. Ƙara mani wancan mai ƙwan.”

Saratu ta kawo wannan magana gida, kuma ita ce ta fara tabbatar wa Ɗanlami cewa ana jiransa. Sai dai hukuncin gatari yana nan. A cikin watan Agusta na 2019 aka yi iska mai ƙarfi gabanin ruwa, ta tuge turare wajen saba'in daga saiwa. Ɗanlami ya je wurin mai gari ya tambaya ko hukuncin ya hau kan abin da Allah ya kayar, mai gari ya ce shi gatari ya hana, bai hana iska ba. Ya bar itatuwan a kwance har kaka, lokacin da kowa ke kai daminsa. Sannan ya kakkarya rassan da hannu da gwiwa, ya daidaita tsawonsu, ya jera su kai da kai yadda ake jera zangarniya, ya ɗaure da igiyar kaba ɗaurin dami. Yana da shekara sittin da uku. 'Ya'yansa suka nemi su ɗaukar masa, ya hana. Ya ɗora a ka ya ratsa tsakiyar gari da hantsi, yara na binsa suna dariya, manya suna fitowa daga zaure, ya sauke a gefen dakalin da aka share, ya durƙusa.

Waɗanda suka halarta sun ce Arziki ya daɗe yana kallon damin. Daga nan ya tashi ya kama shi ya jijjiga, ya ce, “Ɗan baduku, wannan hatsin naka da wane turmi ake surfa shi?”

Ɗanlami ya ce, “Mai ƙasa, abin da gonarka ta haifa ke nan. Ni ɗauka ce tawa.”

Arziki ya ce, “Gonar wa? Kunnena ya tsufa.”

Ya ce, “Gonarka. Gonar Kanta. Jiya taka ce, yau taka ce.”

Arziki ya juya wajen ɗansa Mahaman, wanda ya zo gida a ranar, ya ce masa ya kwance damin ya sa a rumbu. Mahaman ya ce, “Baba, itace a rumbu?” Ya ce, “Kakanka bai ce a zaɓa ba.” Aka sa rassan turare a cikin rumbun hatsi a gaban jama'a, kuma da wannan ƙara ta faɗi, domin wanda ya karɓi dami ba shi da sauran da'awar ƙwace. Amma Arziki bai mayar da igiyar ba. Ya naɗe ta ya sa a aljihu, ya ce, “Wannan tana wurina sai ƙasar ubana ta koma ƙasa. Kada ka sake kawo mani itace. Ranar da babu kututture ko ɗaya, ka zo mani da abin da ake ci.”

Tuge Kututture

An sare itatuwan a ranin 2020, aka sayar da su ga masu gini da masu rufin ɗaki a Maraɗi, kuma daga abin da aka samu Ɗanlami ya fara da gina wa gidan Arziki sabuwar rijiya a wani gefen. Da damina ta sauka sai kowane kututture ya fitar da toho huɗu ko biyar, cikin wata uku suka fi mutum tsawo. Ɗanlami ya san halin turare tun yana lebura, ya san sara ba ta kashe shi, kuma mutanen kamfani ma sun lissafa wannan a cikin alherinsa. Wasu suka ba shi shawara ya roƙi Arziki a bar tohon, tunda magina na saye. Ya ce an riga an gaya masa abin da zai kawo.

Babu hanyar kashe kututturen turare sai a haƙe kewayensa, a datse saiwoyi, a tura shi ya faɗi, kuma mutum mai ƙarfi ba ya wuce uku ko huɗu a yini. Har waɗanda wuta ta ci sai da aka haƙe su, domin da yawansu sun farfaɗo daga ƙasa. Ya yi rani uku yana wannan aiki tare da 'ya'yansa maza, da diga da gatari da bijimi ɗaya da ke ja, wanda ya karye a shekara ta biyu aka yanka shi. A rani na uku ƙarfinsa ya ragu ƙwarai, numfashi ya fara yi masa wuya, kuma ya tabbata ga kowa cewa kututturen da suka rage sun fi kwanakin da zai iya aiki. A watan Maris na 2023 Mahaman ɗan Arziki ya zo da samarin gidansu da makaɗi, ba tare da an roƙe shi ba, aka yi gayya ta kwana biyu. Arziki da kansa ya zo ya zauna a inuwa yana yi wa masu haƙa tsiya. Kafin ruwan farko aka fitar da na ƙarshe, aka cike ramuka, aka zuba taki, Fulani suka kwana da shanunsu a wurin bisa roƙon Ɗanlami. A watan Yuni aka shuka hatsi.

Rashin Lafiya da Rasuwa

Bai ga girbin da idonsa a gona ba. Tun watan Satumba ciwon ƙirji ya kwantar da shi, aka kai shi asibiti a Madarunfa, daga nan Maraɗi, aka dawo da shi gida. Hatsin bai yi yawa ba, domin ƙasar ba ta gama dawowa ba, amma ya fitar da kai ya nuna. A ƙarshen Oktoba Aminu ya ɗaure damin farko, ya shigo da shi ɗaki mahaifinsa ya shafa, sannan ya ɗauka a ka ya ratsa gari. Arziki ya karɓa ya sa aka zuba a rumbu, ya sallami Aminu ba tare da igiya ba. Aminu ya dawo ya rasa yadda zai faɗa, Saratu ta hana kowa shiga ɗakin.

Bayan la'asar sai ga Arziki da sandarsa, karo na farko da ya taka gidan cikin shekara goma sha huɗu. Ya zauna a bakin shimfiɗa ya ce, “Ɗan baduku, ka aiko mani yaro kamar ni sa'ansa ne.” Ya fitar da igiya biyu daga aljihu. Tsohuwar, wadda ta ɗaure damin turare, ya sa ta a hannun Ɗanlami ya ce, “Wannan taka ce, na riƙe maka ita da yawa.” Sabuwar kuma ya kira Aminu ya miƙa masa a gaban mahaifinsa da liman da maƙwabta biyu, ya ce, “Wannan ta baɗi ce. Ba sai na jira sadakar bakwai ba, ni ma ban san wanda zai riga wani ba. Hatsi, ka ji ko? In ka ga mai kat-kat, ka nuna mashi hanyar Gabi.” An ce Ɗanlami ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, da ya lafa ya ce alhamdu lillahi, ya nemi a ba shi fura, ya sha fiye da yadda ya sha a cikin wata guda.

Allah ya yi masa rasuwa ranar Litinin, 20 ga Nuwamba 2023, a farkon Jimada Awwal 1445, yana da shekara sittin da bakwai. An yi masa salla a ƙofar masallacin Tudun Kanya bayan azahar, aka binne shi a maƙabartar gari kusa da mahaifinsa. Arziki ya tsaya a bayan sahu har aka idar, ya bi gawar zuwa kabari, kuma sandunan da aka jera a kan kabarin daga rassan turaren da ke cikin rumbun Arziki aka ɗauko su, bisa roƙonsa.

Ya rasu ya bar matarsa Saratu da 'ya'ya biyar: Aminu, wanda ke noman gonar yanzu, Zahara'u, tana aure a Sarkin Yamma, Hasana, wadda ɗan'uwan tagwaicinta ya rasu yana jariri, tana aure a Madarunfa, Isa, wanda ya bar makaranta a aji biyu na kwaleji, ya yi kabu-kabu a Maraɗi da dako a Ɗan Issa, kuma shi ya tattara wannan tarihi daga bakin mahaifiyarsa da Lantana da mai gari, sai auta Farida. Ya bar jikoki goma sha ɗaya. Allah ya jiƙansa, ya sa ƙasa ta yi masa sauƙi.

Abin da aka rasa a wannan al'amari shi ne: cikin turare dubu uku da ɗari uku, ɗari huɗu gara da awaki suka kashe tun suna ƙanana, ɗari tara wuta ta ci, saba'in iska ta kayar, sauran suka tafi rufin ɗaki, babu ko ɗaya da ya zama takarda. An rasa girbin hatsi na damina goma sha huɗu, da rijiya ɗaya, da bijimi ɗaya, da gaisuwar shekara goma tsakanin mutum biyu da suka koyi iyo tare. Gonar ba ta cikin lissafin. Igiyarta tana rataye a zauren Aminu.